Baitoci Goma Sha Ɗaya na Ƙarshe

Shekarar da aka rufe makarantu saboda cutar korona, har aka yi 'yan makonni ba a hau Juma'a ba, ita ce shekarar da autata za ta zauna jarrabawar gama sakandare karo na uku. A zama na biyu ta samu duk darussan da ake nema, sai Hausa kaɗai, kuma Hausar take son karanta a kwalejin horar da malamai, ta dawo ta koyar a firamaren garinmu da ke kusa da Kaikai. Ƙawayenta sun yi ta yi mata tsiya, wai Bahaushiya ta faɗi Hausa. Yayanta, babban ɗana da ke ɗinki a Katsina, shi ke biya mata rajista, kuma ya faɗa a gabana da gaban uwarsu cewa wannan ne na ƙarshe. Ban ga laifinsa ba, shi ma da iyalinsa.

Ni ban yi boko ba. Allo na yi, na yi littattafai gwargwadon abin da Allah Ya hore, kuma na iya ajami tun ina ƙarami, don mahaifina, Allah Ya jiƙan shi, marubuci ne. Mutane kan kawo mashi waƙoƙin wa'azi ya kwafe masu, ya rubuta masu wasiƙa zuwa ga 'yan'uwansu da ke ci-rani. Da ya rasu, gafakarsa ta fata da takardun da ke ciki ni aka bar wa. Duk shekarun da auta ta yi a makaranta ban taɓa iya taimakonta da komai ba, sai addu'a da kuɗin mashin.

Wata rana cikin azumi, bayan la'asar, ina zaune a zaure sai na ji ta a tsakar gida tana karanta wani abu da ƙarfi, tana tuntuɓe a kan kalmomi. Na kasa kunne. Waƙa ce, kuma na san ta kamar yadda na san hanyar gonata. Tsohuwar waƙar wa'azi ce a kan lalacewar zamani da wahalar talaka, wadda mahaifina kan rera mana. Da ta tsaya a tsakiyar wani baiti sai na ƙarasa mata daga zaure, da muryar da ake rera ta.

Ta leƙo da littafin a hannu. "Baba, ina ka san ta?"

Na ce, "Ke ce dai za a tambaya. Miƙo mani gafakar kakanki."

Muka zauna bisa tabarma, ita da littafinta na boko, ni da takardun da gefensu ya cinye. Tana karanta baiti, ina karanta baiti. Kalma ɗaya ko biyu kan saɓa, amma waƙar ɗaya ce. Sai ta nuna mani abin da ke damunta. A takardun tambayoyin shekarun baya akwai wata tambaya da ke yawan dawowa, a ce ɗalibi ya danganta waƙar da halin da jama'a ke ciki a zamanin da aka yi ta. Ta ce nan take faɗuwa kullum. Tana haddace abin da malami ya rubuta a allo, in ta shiga ɗakin jarrabawa sai ya watse, don ba ta ganin mutanen da ake magana a kansu.

Raina ya yi fari ƙwarai. Na ce mata ai wannan ba wuya. Masu waƙa na da ba sa barin mutum cikin duhu. In sun zo ƙarshe sukan sa ramzi, wato wata kalma da in ka ƙirga lissafin haruffanta za ta ba ka shekarar Hijira da aka gama waƙar. Na ce ta buɗe ƙarshen tata. Babu ramzi. Waƙar littafinta ta tsaya a kan salati, alhali a takardar mahaifina akwai sauran baitoci goma sha ɗaya bayan salatin, sannan ramzi.

Na ce, "Kin gani? Sun yanke. Masu buga littafi sun ga ta yi tsawo, sun datse wutsiyar, kuma a nan amsar take."

Na ɗauki tsinke na ƙirga haruffan a ƙasa, sau biyu. Shekarar da ta fito ita ce ta babban farin da aka yi ina yaro, lokacin da aka yi damina a jere ba ruwan kirki. Baitocin goma sha ɗaya kuma zancen da suke yi ke nan: rumbuna sun koma ɗakin ɓeraye, mata na tonon gidan tururuwa neman tsaba, an sayar da saniya a kan abin da bai kai buhu ba, baƙi daga arewa sun cika bakin hanya da yaransu.

Haka muka ci sauran azumin da farkon damina. In na dawo daga gona na yi azahar sai mu zauna. Mu ɗauki baiti daga farkon waƙar, in ce mata, kin ga inda ya ce talaka ya rasa inda zai sa kansa? Yunwa yake nufi. Kin ga inda ya ce an watse an bar gidaje? Masu gudun fari ne. Ni lokacin farin ba na gida, an kai ni karatu wurin kawuna a Yashe, amma na ga abin da na gani a can, na ba ta labari. Na gaya mata yadda aka riƙa dafa ganyen da ko akuya ba ta so, da yadda kawuna ke raba tuwo da zare don kada wani ya ce an cuce shi. Tana rubutawa a littafinta, wani lokaci ta ajiye biro tana kallona. Ranar nan ta ce, "Baba, yanzu ina ganinsu." Uwarta ta ce tun da ta haife ta ba ta taɓa ganin ta manta da cin abinci saboda karatu ba.

Ana cikin maimai, wato noma na biyu, aka buɗe wa 'yan ajin ƙarshe makarantu don su yi bitar 'yan kwanaki. Ta tafi Kankia inda aka yi mata rajista, ta sauka wurin wata 'yar'uwar uwarta. Ranar Asabar ta dawo fuska ba walwala. Ta ce ta ɗaga hannu a aji ta faɗi abin da na koya mata, malamin Hausa ya ce ba haka ba ne. Wai an yi waƙar tun farkon zuwan Turawa, wahalar da take magana a kai ta haraji ce da aikin tilas, masu barin gidaje kuma masu gudun haraji ne. Ya ce in ta rubuta zancen fari za ta rasa makin. 'Yan aji suka yi mata dariya.

Ranar Litinin na sa gafaka a hammata na hau mashin zuwa Kankia. Na tarar da malaman zaune ƙarƙashin darbejiya, kowa da ƙyallen rufe hanci a haɓa. Malamin Hausar matashi ne, bai wuce sa'ar babban ɗana ba. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya durƙusa ya gaishe ni.

Na buɗe takardar na miƙa mashi. Na ce, "Malam, karanta mani nan."

Ya juya ta, ya matso da ita kusa da ido. Ya kama kalma biyu, ta uku ta gagare shi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ajamina ba ƙarfi. Mun ɗan taɓa shi a kwaleji."

"To ramzi fa, kun taɓa shi?"

"An dai faɗa mana akwai shi."

Wani malami da ke gefe ya yi dariya ya ce, "Yau ka haɗu da asalin littafin, mutumina."

Na ƙirga mashi haruffan a ƙasa a gaban abokan aikinsa. Ya duba, ya ce shi bai musa lissafina ba, amma mai waƙar ya rasu tun kafin a haifi wanda ya ga wannan farin. Na ce wa ya gaya mashi? Ya ce littafi. Na ce littafin da ya yanke baitoci goma sha ɗaya? Aka sake dariya. Sai malamin ya ce cikin ladabi, "Baba, ni roƙona ɗaya. Masu duba takarda suna da abin da aka rubuta masu su bi. Ko da kai ke da gaskiya, a bar ta ta rubuta na littafi, in ta ci sai a yi gardamar daga baya."

Na ce ni ba zan koya wa ɗiyata ta rubuta abin da na san ba daidai ba ne don neman maki. Na naɗe takarduna na tafi. A bisa mashin ina jin kaina kamar wanda ya kare mutuncin magabata.

Ban ce wa auta dole ta bi nawa ba. Amma ta ji yadda aka yi, kuma wace ɗiya ce za ta bar maganar ubanta da takardar kakanta ta bi ta wanda bai iya karanta su ba? Ranar da suka yi Hausa ta kira wayar uwarta tana haki. Tambayar ta fito. Ta ce shafi biyu da rabi ta cika, har da raba tuwo da zare. Na yi sujada a inda nake.

Da aka fara yankan gero sai yayata ta zo daga Rimaye, ta yi mana kwana uku. Ta girme ni da shekara bakwai, kuma har yau ba ta daina ganina yaro ba. Da hantsi tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ni ina gyaran igiya ina rera waƙar a hankali. Da na wuce salati na shiga baitocin ƙarshe sai na ga hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Kai, bar nan. Bar baitocin Baba, kada ka sa ni kuka da safiyar Allah."

Na ce, "Ai duka waƙar a hannunsa take, Yaya."

"Hannunsa daban, bakinsa daban. Waɗannan nasa ne. Shi ya yi su."

Na ajiye igiyar.

Ta ce, "Au, kai kana Yashe kana cin tuwon Kawu. Shekarar da muka sayar da jar saniya, aka binne ƙanwarmu ta goye. Liman ya ba shi tsohuwar waƙar ya kwafe mashi. Da ya kai ƙarshe sai ya kasa tsayawa. Kwana da kwanaki yana zaune a bakin rumbu, ya yi baiti ya rera, ya ce mani, ke, ya zauna ko bai zauna ba? Na tururuwan nan Inna ce, ni na riƙe mata ƙwarya. Ya ba liman tasa ba ƙari, ya ajiye wannan."

"Shekarar da ke ƙarshe fa?"

"Wace shekara zai sa in ba wadda ya rubuta ba? Malam guda da kai, da gemu fari."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta tana share ido da gefen mayafi. Ba ta san abin da ta faɗa mani ba, ni kuma ban gaya mata ba.

Na shiga zaure na fiddo takardar na kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Shekara nawa ina karanta ta ban lura ba. Bayan salatin akwai ɗan fili kamar faɗin yatsa, kuma tawadar baitocin ƙarshe ta fi ta sama ruwa-ruwa, irin ta mutumin da ƙaron haɗa tawada ya ƙare wa. Na san sarai cewa masu kwafe waƙa kan ƙara nasu su sa shekarar da suka gama rubutu. Ni kaina na taɓa yin haka a wata waƙa da aka ba ni. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa mahaifina, wanda ban sani da komai ba sai kwafe na wasu, yana da abin faɗa na kansa ba.

Washegari na koma Kankia, wannan karon ba gafaka. Na sami malamin shi kaɗai yana cike wasu takardu. Na gaya mashi duk yadda aka yi, na ce shi ke da gaskiya, na nemi afuwarsa. Ya rufe baki da hannu ya ce, "Haba Baba, ni ɗanka ne." Sai na tambaye shi abin da ya kawo ni. Ko akwai inda mutum zai je ya yi bayani? Ko zan iya rubuta takarda in ce laifina ne ba na yarinya ba?

Ya girgiza kai. Ya ce takardun sun tafi cikin buhuna tun ranar, shi kansa bai san garin da za a duba su ba, wanda zai duba kuma lamba zai gani. Ya ce tambaya ɗaya ba lalle ta kayar da mutum ba in sauran sun yi kyau, wataƙila kuma a dace da mai dubawa ya ba ta wani abu don tsarin rubutunta. Na ce wataƙila nawa? Ya ce, "Sai addu'a, Baba."

Addu'ar na yi. Muka kai gero rumbu, muka cire gyaɗa, dawa ta nuna. Kullum in ga auta tana shara tana rera baitocin kakanta, in buɗe baki in rufe. Na ce wa kaina in ta ci, me ya kawo zancen? In bari sakamako ya fito tukuna.

Ranar da ya fito tare muka je wani shagon kwamfuta a Kankia, na wata mata 'yar kudu da ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasu. Ta buga lambar, ta dubi allon, ta dubi auta, ta ce, "Sannu ƙanwata. Kaɗan ya rage." A Hausar, auta ba ta faɗi ƙasa warwas ba, amma ba ta kai kiredit ba, mataki ɗaya tak ya rage. Auta ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu. A hanya ba ta yi kuka ba. Da muka sauka ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ɓata maka wahalarka. Kai ka koya mani da kyau, kaina ne ba ya ɗauka."

A nan ya kamata in faɗa. Na ce mata haka Allah Ya ƙaddara, wanda gaskiya ne, amma na san don me na zaɓi wannan gaskiyar.

Yayanta ya cika maganarsa. Ya aiko mata da tsohon keken ɗinkinsa, ya ce a waya tunda boko ya ƙi ta, ta kama abin da hannu zai iya. Ta kama. Ta tattara littattafanta ta ba 'yar maƙwabta. In aka kawo mata wasiƙar asibiti ko ta makarantar yara a ce ta karanta, sai ta ce a kai wa masu ƙwaƙwalwa, tana dariya. Wannan dariyar ta fi komai ci mani rai. Damina biyu ina jin ta. Na yi istigfari ba adadi, amma na karanta a littattafan da nake koyar da wasu cewa haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke.

Abin da ya kawo ƙarshen shiruna ba wani babba ba ne. Jikata, ɗiyar babban ɗana, ta zo hutu, ta kawo wa gwaggonta aikin makaranta ta taya ta. Ina jin auta ta ce, "Ke rufa mani asiri, kada in shafa maki. Ni sau uku ina faɗuwa." Yarinyar ta ce ai babanta ma ya faɗa.

Da aka yi la'asar na aika a kira auta zaure. Ta zo da zare a bakin zanenta ta durƙusa. Na gaya mata tun daga ɓarar gyaɗar gwaggonta har zuwa komawata Kankia. Ban rage komai ba. Ta daɗe tana kallon tabarma.

Ta ce, "Tun kafin sakamako ya fito ka sani?"

Na ce tun kafin.

"Ranar da na ba ka haƙuri ma ka sani."

Na ce na sani.

Ta ce, "Baba, kuskuren ba komai, kowa na yi. Ni ma ai na ji malam na ƙi. Amma shekara biyu ina kwana ina tashi da cewa ni daƙiƙiya ce. Yaya na faɗa, yaransa na faɗa, kana ji."

Ba ta taɓa yi mani magana haka ba, kuma ba ta ɗaga murya ba. Na ce ko za ta sake zama, in sayar da tumaki biyu. Ta ce an canza littattafan, waƙar ma an cire ta, kuma abin da ta sani na sauran darussa ya zube. Na ce malamin ya ce ba lalle tambayar ce ta kayar da ita ba, ba lalle kuma ba ita ba ce. Ta ce ta gane, ba wanda zai taɓa sani.

Na ce, "To me zan yi maki?"

Ta ce, "Ka gaya wa Yaya. Da bakinka."

Na ce ta kawo wayar uwarta ta kira shi, ta sa yadda za ta ji. Ya ɗauka cikin ƙarar kekuna, ya ce, "Baba lafiya?" Na ce ya fita waje. Na gaya mashi ƙanwarsa ta rubuta abin da na koya mata ne daidai, ba ta manta ko kalma ba, ni ne na koya mata ba daidai ba, malaminta ya hana na ƙi ji, na kuma ɓoye. Na ce daga yau kada in sake jin an ce ba ta da kai, a gidansa ko a nawa. Can ya ce, "To Baba. Tana kusa?" Na ce tana ji. Ya ce, "Auta, ki yi haƙuri." Ta ce ba komai, Yaya.

Ta kashe wayar ta riƙe ta a cinya. Na ce, "Saura ni."

Ta ce, "Na yafe, Baba, duniya da lahira."

Ta tashi ta koma ciki, don akwai kayan suna da ta yi alkawarin gamawa kafin magariba.